Tseren keke: Dokokin da ba a rubuta ba

A ranar 19 ga watan Yulin shekara ta 2010, kacar wani keke ta goce a kan wani tsauni da ke kudancin Faransa, kuma har yanzu masu sha'awar tseren keke ba su daina muhawara a kan abin da ya biyo baya ba.

Andy Schleck, ɗan ƙasar Luxembourg, shi ne ke sanye da riga mai ruwan ɗorawa a wannan rana, wato rigar da ake bai wa wanda ke kan gaba a gasar Tour de France. Ya ba babban abokin hamayyarsa, Alberto Contador na Sifaniya, ratar daƙiƙa 31.

Gab da ƙololuwar tsaunin Port de Balès, Schleck ya miƙe a kan feda ya zabura domin ya ƙara ratar. Sai kacar kekensa ta goce. Yayin da ya sauka yana ƙoƙarin mayar da ita, Contador ya wuce ya ci gaba da gudu.

Kafin a kai ƙarshen zangon ranar, Schleck ya yi asarar daƙiƙa 39, rigar kuma ta koma hannun Contador. 'Yan kallo sun yi wa ɗan Sifaniyan ihu lokacin da ake sa masa ita. Shi dai ya ce bai san abin da ya sami abokin karawarsa ba a lokacin da ya wuce shi, amma daga bisani ya nemi afuwa a cikin wani faifan bidiyo. Da aka kammala gasar a birnin Paris, ratar da ya ci da ita ta kasance daƙiƙa 39 cif.

Babu wata doka ta hukumar tseren keke ta duniya da Contador ya karya. To me ya sa jama'a suka fusata? Amsar tana cikin yadda masu keke ke tafiya a ayari, da kuma ladubban da tafiyar ta tilasta musu, ko ƙwararru ne ko masu fita motsa jiki a ƙarshen mako.

Iska ce babbar abokiyar gaba

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san wahalar da ke ciki. A irin gudun da ƙwararru ke yi, wanda kan haura kilomita 40 cikin sa'a guda, mafi yawan ƙarfin da mutum ke kashewa a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana tafiya ne wajen keta iska.

Wanda ya manne a bayan wani kuwa, na gaban ne ke keta masa ita. An ƙiyasta cewa hakan kan rage masa kimanin kashi 30 cikin ɗari na wahalar. Idan ayarin ya girma, sauƙin ya fi haka nesa. Wani bincike da Farfesa Bert Blocken na jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holland ya jagoranta, wanda aka wallafa a shekara ta 2018, ya yi nazarin ayari mai mutum 121, ya gano cewa waɗanda ke can ciki ta wajen baya suna fuskantar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai na turjiyar iskar da mai tafiya shi kaɗai ke fuskanta.

Wannan ne ya sa masu tsere kusan 180 ke cunkushewa wuri guda a gasar Tour de France, tayar wannan na kusan taɓa ta wancan, har tsawon makonni uku da tafiyar sama da kilomita dubu uku. Kowa na son ya kayar da na kusa da shi, amma babu wanda zai kai ƙarshen tafiyar ba tare da ya fake a bayansa ba.

Saboda haka ne akan yi karɓa-karɓa a gaba. Mutum zai ja ayarin na ɗan lokaci, sannan ya kauce gefe ya sulale zuwa baya ya huta, na biye da shi ya karɓa. Wanda ya ƙi karɓar nasa rabon, ya lafe a baya har sai an kusa ƙarshe sannan ya fito da sauran ƙarfinsa ya wuce kowa, bai karya doka ba. Sai dai abokan tafiya ba sa mantawa, kuma ranar da ya buƙaci a ja shi, ba lalle ne ya sami mai ja ba.

Ladubban ayari

Kusancin da ke sauƙaƙa tafiya shi ne kuma ke kawo haɗari. Wanda ke tsakiyar ayari ba ya ganin titi, bayan na gabansa kawai yake gani. Ke nan ya danƙa lafiyarsa a hannun wasu. Daga nan ne ladubban da ƙungiyoyin masu keke a ƙasashe kamar Beljiyam da Italiya da Birtaniya ke koya wa sababbin shiga suka samo asali.

Na farko, ba a taka birki bagatatan. Mai son rage gudu kan sassauta feda, ko ya ɗan ɗago ƙirji iska ta tare shi. Birkin da mutum ɗaya ya danna da ƙarfi yana iya zubar da mutum goma a bayansa.

Na biyu, kowa ya tsaya a kan layinsa, kada ya riƙa karkata hagu da dama. Haka kuma ba a barin tayar gaba ta shige gefen tayar baya ta wanda ake bi. Idan na gaban ya ɗan kauce, tayoyin za su gogu, kuma kusan ko da yaushe na bayan ne ke faɗuwa.

Na uku, na gaba su ne idon ayari. Idan suka hango rami ko tsakuwa ko fasasshiyar kwalba, sukan nuna da yatsa, kowa ya miƙa alamar ga na bayansa har ta kai ƙarshe. Idan akwai motar da aka ajiye a bakin titi, akan kai hannu baya a kaɗa shi domin a kauce. Na can baya su kuma su ne ke ɗaga murya idan mota na tahowa.

Na huɗu, wanda ya karɓi gaba ba ya ƙara gudu don nuna ƙarfi. Aikinsa shi ne ya riƙe gudun da ya tarar. A fitar da ba ta gasa ba, akan jira juna a saman tudu, kuma ƙungiyoyi da dama sun ɗauki alkawarin cewa ba za a bar kowa a hanya ba.

Dokokin hanya na wasu ƙasashe sun yi la'akari da irin wannan tafiya. A Birtaniya, gyaran da aka yi wa ƙa'idojin hanya a watan Janairun 2022 ya fayyace cewa masu keke na iya jerawa biyu-biyu, musamman idan suna da yawa, amma su ba motocin da ke bayansu damar wucewa idan babu haɗari. Ya kuma buƙaci direba ya bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi lokacin da zai wuce mai keke. Hikimar jerawa biyu-biyu ita ce ayarin ya gajarce, ta yadda direba zai wuce shi cikin ƙanƙanen lokaci.

Abin da ke faruwa idan aka tare gaban ayari ya bayyana a zangon farko na gasar Tour de France ta 2021, lokacin da wata 'yar kallo ta miƙo kwali cikin titi tana kallon na'urar ɗaukar hoto. Bajamushe Tony Martin ya yi karo da kwalin ya faɗi, masu tsere da dama suka zube a kansa. Daga baya kotu ta ci matar tarar Euro 1,200.

Idan keke ya sami matsala

Komai kula, keke inji ne, wata rana sai ya ba da matsala. Mafi yawa dai taya ce ke sacewa, sai gocewa ko tsinkewar kaca, sai kuma birki ko giyar da ta ƙi shiga.

Ƙa'idar farko ga wanda abin ya sama a tsakiyar ayari ita ce kada ya tsaya nan take. Zai ɗaga hannu ya sanar, ya ci gaba da tafiya a miƙe har na bayansa su wuce, sannan ya gangara gefe. Sauran kan tsaya a wurin da ba su tare hanya ba, mutum ɗaya ko biyu su kama masa aikin.

Ana sa ran kowa ya fito da guzurinsa: tiyub ɗaya ko biyu, da ƙaramin famfo, da 'yan robobin da ake ɓanɓare taya da su, da kayan faci, da ƙaramin makullin kwance ƙusoshi, da kuma mahaɗin da ake ɗinke kaca idan ta tsinke. Mai zuwa hannu rabbana za a taimaka masa sau ɗaya, amma idan ya mayar da abin ɗabi'a, zai ji a bakin abokan tafiya.

A bakin hanya ba a ɓata lokaci wajen yin faci, sabon tiyub ake sawa, a bar facin sai an koma gida. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su sa sabon ba tare da sun shafa cikin tayar sun gano ƙayar ko gilashin da ya huda na farko ba. Ba za su yi nisa ba zai sake sacewa. Idan kuma aka ga huda biyu a jere kamar saran maciji, alama ce cewa iskar tayar ta yi kaɗan, har ƙarfen ƙafar keken ya datse tiyub lokacin da aka faɗa rami. A 'yan shekarun nan da yawa sun koma amfani da tayoyi marasa tiyub, waɗanda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙananan huda da kansa.

Ita kuwa kaca takan goce ne galibi idan aka canza giya alhali ana danna feda da dukkan ƙarfi, musamman a hawan tudu, ko kuma idan ta tsufa ta saki. Shi ya sa ƙwararru ke shawartar a canza giya tun kafin tudun ya yi tsanani, a kuma duba birki da iskar taya da man kaca kafin a bar gida. A ayari, keken da ba a kula da shi ba barazana ce ga kowa.

Daga maƙera zuwa motocin agaji

A farkon tarihin Tour de France, wadda Henri Desgrange ya kafa a 1903, doka ta ɗora wa mai tsere dukkan nauyin gyaran kekensa. Babu wanda ya ɗanɗana ɗacin wannan doka kamar Bafaranshe Eugène Christophe.

A gasar 1913, yana cikin waɗanda ake kyautata zaton za su yi nasara, sai ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaban kekensa ya karye yayin da yake gangarowa daga tsaunin Tourmalet. Ya saɓa keken a kafaɗa ya yi tafiyar kimanin kilomita goma a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, inda ya sami maƙera. Maƙerin ba shi da ikon sa masa hannu, don haka shi da kansa ya ƙera ƙarfen, alƙalan gasa na tsaye suna kallo. Da ya gama bayan sa'o'i, suka ƙara masa hukuncin wasu mintoci saboda wani yaro ya taya shi zuga wuta. Duk da haka ya kammala gasar a matsayi na bakwai. Shi ne kuma mutum na farko da ya sa riga mai ruwan ɗorawa a 1919, shekarar da irin wannan ƙarfe ya sake karye masa ya raba shi da nasara.

Sannu a hankali aka sassauta dokar, aka yarda 'yan ƙungiya ɗaya su taimaki juna. A 1934, wani matashi mai shekara 20, René Vietto, ya cire ƙafar kekensa ya bai wa madugun ƙungiyarsa Antonin Magne, shi kuma ya zauna a kan katanga yana kuka yana jiran mota. Magne ne ya lashe gasar. Har yanzu haka tsarin yake: a cikin mutum takwas na kowace ƙungiya, yawancinsu masu hidima ne ga madugu, suna tare masa iska, suna ɗauko masa ruwa, suna kuma miƙa masa kekensu idan nasa ya lalace.

A yau kowace ƙungiya na da motoci a bayan ayari ɗauke da makanikai da kekuna. Mai tsere zai ɗaga hannu, makaniki ya diro ya canza masa ƙafa ko keken baki ɗaya cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya tura shi, abokansa su ja shi ya koma cikin jama'a. Akwai kuma motocin da ba na kowace ƙungiya ba, masu agaza wa duk wanda ya maƙale. Kamfanin Mavic ne ya riƙe wannan aiki tun shekarun 1970, kafin Shimano ya karɓa a 2021.

Amma taimako na da iyaka. A gasar Giro ta Italiya a 2015, tayar Richie Porte ta sace, sai ɗan ƙasarsu Australiya, Simon Clarke, wanda ke wata ƙungiya dabam, ya ba shi ƙafar kekensa. Jama'a sun yaba, amma alƙalai suka ƙara wa kowannensu minti biyu, domin doka ta hana karɓar kaya daga abokin hamayya.

Wani lokacin ma agajin ba ya isowa. A ranar 14 ga watan Yulin 2016, a kan tsaunin Ventoux, cunkoson 'yan kallo ya tsayar da wani babur, masu tsere uku suka afka masa, keken Chris Froome ya karye. Da ya ga motarsa na nesa, sai ya kama gudu da ƙafa yana haura tsaunin sanye da rigar ɗorawa. Alƙalai sun gyara lokacinsa daga baya, bai rasa rigar ba.

A jira ko a wuce?

A nan ne ake komawa ga batun Schleck da Contador. Al'adar ayari ta ce ba a kai farmaki yayin da mai rigar ɗorawa ya faɗi, ko kekensa ya lalace, ko ya tsaya biyan buƙata. Hujjar ita ce ƙarfin ƙafa da dabara ya kamata su raba gardama, ba tsautsayi ba, kuma abin da ya sami wani yau yana iya samun kowa gobe.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Lance Armstrong na Amurka da Jan Ullrich na Jamus. A 2001 Ullrich ya kauce hanya ya faɗi a gangaren Peyresourde, Armstrong ya jira shi. Bayan shekara biyu, a hawan Luz Ardiden, kan keken Armstrong ya sarƙe da jakar wani ɗan kallo ya faɗi, Ullrich da sauran na gaba suka sassauta har ya iso. Armstrong ya ci zangon, ya kuma ci gasar da ratar daƙiƙa 61, kafin a ƙwace dukkan kambunansa bakwai a 2012 saboda amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari.

A 2022 ma an ga irin haka, lokacin da Tadej Pogačar na Sloveniya ya zame ya faɗi a gangaren Spandelles. Jonas Vingegaard na Denmark, wanda ke sanye da rigar ɗorawa, ya jira shi, da suka haɗu suka yi musabaha a kan keke.

To sai dai ba kullum ake jira ba. A 2013 ƙafar keken Alejandro Valverde ta lalace a daidai lokacin da iska mai bugowa daga gefe ta tsattsaga ayarin gida-gida. Yana matsayi na biyu a lokacin, amma babu wanda ya sassauta, ya yi asarar kusan minti goma. A gasar Giro ta 2017, ciki ya murɗa wa Tom Dumoulin na Holland, wanda ke kan gaba, ya tsaya a gefen hanya. Abokan hamayyarsa sun ɗan yi jinkiri sannan suka ci gaba, ya yi asarar kimanin minti biyu, ko da yake shi ne ya lashe gasar daga ƙarshe.

Masu kare Contador na cewa idan tsere ya riga ya ɗauki zafi, ba a dakatar da shi, kuma Schleck ne da kansa ya fara kai farmakin. Wasu ma na ganin gocewar kaca ba tsautsayi ba ne tsantsa, tun da iya canza giya da kula da keke na cikin gwanintar sana'ar. Masu sukarsa kuwa na cewa ya ga abin da ya faru, kuma jiran 'yan daƙiƙoƙi ba zai rage shi da komai ba idan har ya fi ƙarfi.

Rubutacciyar doka ta ɗan shiga tsakani a wuri ɗaya. Tun 2005, wanda ya faɗi ko kekensa ya lalace a kilomita uku na ƙarshen zangon da ba na hawan tsauni ba, akan ba shi lokacin rukunin da yake ciki, kuma daga 2024 aka fara tsawaita wannan tazara a wasu zangunan. Sauran hanyar kuwa an bar wa masu tseren su yanke hukunci da kansu, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, suna haki.

Akwai dai lokutan da ba a jayayya. A watan Yulin 1995, ɗan Italiya Fabio Casartelli ya faɗi a gangaren Portet d'Aspet ya rasu. Washegari ayarin ya yi tafiyar zangon a hankali ba tare da tsere ba, aka bar 'yan ƙungiyarsa suka tsallake layin ƙarshe a gaba. Mutuwar Andrei Kivilev na Kazakhstan a gasar Paris zuwa Nice a 2003 kuma ita ce ta sa aka wajabta wa ƙwararru sa hular kwano.

Shi kuwa Andy Schleck, kambun 2010 ya dawo hannunsa a shekara ta 2012, bayan da kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ta ƙwace shi daga Contador saboda an sami wani haramtaccen sinadari a jikinsa lokacin gasar. Hukuncin ya sauya sunan da ke cikin kundin tarihi, amma bai ce komai ba game da abin da ya faru a kan tsaunin Port de Balès, kuma duk lokacin da keken wani babban mai tsere ya sake lalacewa, muhawarar kan taso sabuwa.